Kalmar Saje da Ranar Arfa

Kwanakin baya ina kishingiɗe bayan la'asar, jikanyata tana gefe tana haddar darasinta na Ingilishi, sai na ji ta tsaya a kan wata kalma tana ta juya ta a baki kamar mai tauna guringuntsi. Yarinyar Larabci ya fi zama a harshenta, Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa da neman abinci ba. Na ɗaga kai na ce ta sake faɗa, ta sake. Na ce, "Nabiget ke nan. Neman hanya ne da hankali, a inda babu mai riƙe hannunki." Ta saki littafi ta zuba mini ido. "Ya sitti, min fen? A ina kika sani?" Har da juyo mini shafin tana nunawa da yatsa, wai ga yadda ake rubuta ta, navigate, sai ka ce na taɓa sanin baƙin boko. Ita kaɗai ce kalmar Turanci da na mallaka a duniya, kuma na san ta tun ba a haifi uban yarinyar nan ba.

Makkar da na tashi a cikinta gari ne na duwatsu da lunguna. Unguwarmu ta Takari tana gefen gari wajen Hindawiyya, gidajenmu na zana ne da gwangwanayen kananzir da aka buɗe aka daddale, kuma babu lungun da yake da suna a rubuce. Da asuba kiran salla yakan taso daga Harami da muryar mutum tsura, iska ta kawo shi in ta ga dama, in ba ta ga dama ba sai ladanin unguwa ya tashe mu. Daga nan sai ƙarar taɓarya a gidaje, da kukan jakuna, da ƙararrawar raƙuma masu shigowa daga Jidda, da masu ruwa suna rangaji da gwangwani biyu a sanda suna cewa, "Moya, moya!" Aikina na farko kullum shi ne zuwa bazan, wato matattarar ruwan unguwa, in yi layi in ɗebo; in na dawo in surfa wake, in niƙa a dutse, Inna ta soya ƙosai. Yanzu an fasa duwatsun an yi hanyoyi ta cikinsu, an share lungunan, motoci suna gudu a saman inda muke shanya. Jikana mai tasi waya ce ke gaya masa ya yi dama ko hagu. Rannan na ce ya kai ni in ga inda aka binne cibiyata, muka yi ta zagaye har ya gaji, ban iya nuna wurin ba.

Babana da ƙafa ya zo daga ƙasar Kano, shi da Inna suna sabbin aure. Sun yi shekaru a hanya, su yi noma a wannan gari, su tsinci auduga a wancan, har suka ƙetare teku a jirgin katako. Bayan ya iso ya yi hajjinsa, sai yana ta rufe masa ido a hankali, har ya zama ba ya bambance komai sai haske da duhu. Igiya yake tufkawa a ƙofar gida. Ni ke yi masa jagora zuwa Harami ranar Juma'a, yana dafe da kafaɗata, amma in gaskiya za a faɗa shi ke jan tafiyar. Sai ya ce, "Ga mai gasa burodin tamis nan, na ji ƙamshin tanderu. Gaba kaɗan ƙasa za ta gangara." Ko ya ce, "Maƙeran tagulla sun koma hannun hagu, Uwata, kin kauce." Uwata yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. In mun sha kwana sai ya tsayar da ni ya ce in waiwaya in gaya masa abin da na gani. Nakan yi ƙunƙuni, don rana tana dukana. Shi kuwa ya ce, "Hanya fuska biyu gare ta. Wadda kika gani da za ki tafi ba ita za ki gani da za ki dawo ba. Ki gaisa da duka biyun."

Ina 'yar budurwa, bayan an gama babban yaƙin nan na Turawa, wakilin muɗawwif, wato mai kula da alhazai, ya kawo mana baƙi biyu ya sauke a ɗakinmu na gefe, don ya ji mutanen wajen su Baba ne. Namijin dogo ne mai faɗin kafaɗa, yana da akwatin ƙarfe da agogo a hannu. Tsohon soja ne, an kai su yaƙi can wata ƙasar daji bayan Hindu, kowa Saje yake ce masa. Tare da shi akwai mahaifiyarsa, wata 'yar tsohuwa gajera mai kaifin baki da muke kira Iya. Ta yi alkawari ne in ɗanta ya dawo da rai za ta zo ɗakin Allah ta yi godiya, shi kuma ya ɗauko ta. Da yake ɗan fari ne ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce "wancan", ko "mai takalman ƙarfe". Tana da goro da ta taho da shi tun daga gida a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, tana yayyafa masa ruwa safe da yamma kamar jariri, kuma duk wanda ya yi mata kirki sai ta ɓantara masa. Abu ɗaya ne Iya ba ta yi, ba ta tambaya. Ko buta take nema gara ta zagaye gidan sau uku da ta ce ina take.

Kullum da yamma Saje yakan zauna a tabarmar Baba su yi hira, ni ina kawo shayi ina laɓewa a bakin zana ina saurare. Wata rana ya ciro wani abu kamar agogo mai murfi ya sa wa Baba a tafin hannu.

"Kamfas ne, Baba. Akwai allura a ciki, duk yadda ka juya shi arewa take nunawa."

Baba ya shafa shi, ya kai kunne. "Ba ya motsi kamar agogo. To in ta nuna arewa, sai me? Kai arewa za ka?"

Saje ya yi dariya. "A'a. In na san arewa na san sauran. A dajin da muka yi yaƙi ba ka ganin rana don itatuwa, ba turba, ba gari. Sai Bature ya ba ni takardar taswira da wannan, ya ce, Saje, nabiget. Ni kuma in wuce gaba, mutum talatin suna bina."

"Me ya ce maka?"

"Nabiget."

"Wato ka yi tafiya?"

"Ba tafiya ba ce, Baba. Tafiya ko jaki yana yi. Ba kuma bin hanya ba ne, don bin hanya sai akwai hanyar. Nabiget shi ne ka san inda kake tsaye yanzu, ka san inda kake son zuwa, sannan ka yi ta auna abin da ke tsakani kana gyara tafiyarka har ka isa. Asalinta maganar masu jirgin ruwa ce. A jirgin da ya kai mu akwai wani mutum da ba ya tuƙi, ba ya jan igiya, aikinsa kawai ya fito da tsakar rana ya auna tsayin rana da wani ƙarfe, ya koma ya gaya wa matuƙi ya karkata kaza. Nabigeta ake ce masa. Masu jirgin sama ma suna da nasu."

Baba ya ci gaba da murza igiya a cinya. "Madugu ke nan," ya ce. "Wanda ya fito da mu daga Barno haka yake. Ya duba tauraro, ya ɗanɗana ruwan rijiya, ya shinshina iska, ya ce gobe mu karkata. Mu mun raɗa wa mutumin suna, su kuma sun raɗa wa aikin. To in mutum ya laluba ya fita, kamar ni a cikin gidan nan?"

"In da lissafi a ransa, ya yi nabiget. In kuwa sa'a ce kawai ta fitar da shi, bai yi ba. Har a kan abin da ba ƙasa ba suna faɗa. Na ji Bature ya faɗe ta a kan rigimar da ta taso tsakanin sojoji, wai sai ya san yadda zai bi ta cikinta ya fita ba a fasa kan kowa ba."

Iya tana daga ɗaki ta ɗaga murya. "Ku ji shi! An je yaƙi an dawo da kalma. Ni da na yi shekara sittin ina zuwa kasuwar ƙauye cikin dawa, wa ya ba ni allura?"

Muka yi dariya har Inna ta ƙware. Ni kuwa na tafi da kalmar bazan washegari, ina faɗarta a hankali a ƙarƙashin gwangwanin ruwa, don daɗin da take yi mini a baki.

Da ranar hawan Arfa ta zo muka fita gaba ɗayanmu, kamar yadda muke yi kowace shekara, don can ne Inna take sayar da kunu da ƙosai. Baba yana kan jaki, tukwane suna kan wani. Wanda ya san Arfa ta yanzu, da itatuwanta da titunanta da allunan lamba, ba zai gane wadda nake faɗa ba. Fili ne fetal na rairayi da tsakuwa, dutsen yana can gefe, tantuna iri-iri sun bazu ba layi ba tsari, igiyar wannan ta hau ta wancan. Raƙuma a durƙushe da darbukansu, wato rumfunan zama da ake ɗora musu, 'yan lorori ƙalilan suna hayaƙi, kowane muɗawwif ya kafa tutarsa a dogon gora. Ni tun ina goye ake zuwa da ni wurin, kuma tun da na iya ɗaukar ƙwarya nake ratsa tantunan nan ina talla. Na san inda mutanen Jawa suke sauka da ƙamshin busasshen kifinsu, na san wajen Misirawa da hayaniyarsu, na san Bukharawa da manyan tukwanen shinkafa. Ban taɓa ɗaukar wannan a bakin ilimi ba. Talla ce kawai.

Da hantsi ya ɗaga, Iya ta ɗauki buta ta ce za ta zagaya ta yi alwala. Na miƙe zan raka ta, ta harare ni. "Zauna, 'yar nan. Ba a yi mini rakiya zuwa bayan gida tun ina yarinya." Lokacin kuwa Saje ya tafi masallaci da maza, Inna tana fama da masu saye. Sai da aka idar da salla, Saje ya dawo ya leƙa tanti ya ce ina Iya, sannan muka kalli juna.

Ya ciro kamfas daga ɗamarar haraminsa, ya dubi dutsen, ya dubi tutarmu, ya fita. Daga baya ya gaya mana yadda ya yi: ya ƙirga taku ɗari biyu gabas, ya juya arewa, ya juya yamma, yana zagaye tantinmu yana faɗaɗa zagayen, yana kiran "Iya!" a cikin dubban mutane masu talbiya. Bai ɓata ba ko sau ɗaya, kullum yana dawowa daidai gindin tutarmu, amma hannu wofi. Da ya dawo na uku la'asar ta yi, muryarsa ta dushe, ƙafafunsa sun yi jini. Ya durƙusa gaban Baba, mutumin da ya ratsa daji da bindiga, ya ce, "Baba, na kawo ta daga gida don in jefar da ita a nan."

Duk mun san abin da yake tsoro. Zafin ranar nan yana kashe tsoho. Kuma da zarar rana ta faɗi, duk filin zai tashi lokaci guda ya nufi Muzdalifa, mutane da raƙuma da lorori, wanda ya faɗi a cikinsu sai dai Allah. Baba ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashina.

"Uwata, in ke ce Iya, ina za ki?"

Inna ta ce, "Malam, yarinya ce fa, cikin wannan taro?"

"Yarinyar da take kai miki kunu har gindin dutse ta dawo? Bar ta ta yi magana."

Na ce, "Baba, lokacin da ta fita, kowa masallaci ya nufa. Iya gajera ce, in ta shiga cikin mutane ba ta ganin tuta, bayan mutane kawai take gani. Inda suka yi nan za ta yi. Kuma ba za ta tambaya ba."

"To bayan salla?"

"Mutane sun juyo wajen dutse, ita kuwa ta gaji. Inuwa za ta nema. Ba za ta shiga tantin baƙi ba ko an roƙe ta. Inuwar da ba ta kowa ba kuwa sai 'yan itatuwan ƙaya da ke cikin kwari, bayan masallaci."

Ina faɗin haka sai na tuna. Baba ma ya tuna. Ya ce a hankali, "Kwarin nan ba Arfa ba ne. In rana ta faɗi tana can, taro ya kwashe ta ya yi gaba da ita, ba ta da hajji." Ya laluba ya kama hannun Saje. "Tashi ka bi Uwata. Ka bar mata gaba, kai ka tsare bayanta. Kada ka ce mata ga arewa."

Muka fita, ina gaba da 'yar salkar ruwa, yana bina a baya. Ban bi ta sarari ba, don nan jama'a suka cushe. Ta bayan tantuna na bi, inda ake zubar da toka da ruwan wanke-wanke, ina tsallake igiyoyi. Na tsayar da wani mai ruwa Batakare na tambaye shi, ya ce tsofaffi nawa ya gani yau, wace daga ciki? A wajen mutanen Jawa na yi wa matansu kwatance da hannu, gajera, baƙa, da buta. Suka yi ta gyaɗa kai suna nuna yamma, ɗaya ta kwaikwayi yadda suka jawo ta cikin inuwa ta fizge hannunta. Saje ya ce, "Ita ce! Wallahi ita ce!"

Gaba kaɗan muka ji kuka da Hausa, muka ruga. Ashe wata tsohuwa ce daban, Bazabarma, ita ma ta ɓata, ta kama zanena ta ƙi saki. Saje ya dubi rana, ya dube ni. Na tambaye ta launin tutarsu, ta ce kore da jan baki. Na san tutar, tana bayan masu yankan rago. Ba nisa, amma baya ne. Na ce, "Yaya Saje, in mun bar ta, wa zai zo mata?" Ya sunkuya ya ɗauki ƙunshinta. Muka kai ta har bakin tantinsu muka juyo da gudu, inuwarmu ta riga ta fi mu tsawo sau biyu.

Bayan masallacin kwarin yana da tsawo, itatuwan a warwatse, wasu kudu wasu arewa, kuma ba mu da lokacin bin duka biyun. Na tsaya ina haki, ban san inda zan yi ba. A nan na hangi wata Balarabiyar ƙauye zaune kusa da damin itacen sayarwa, tana ta tofar da yawu tana yamutsa fuska, tana duban wani abu a hannunta. Na matsa. Ɓarin goro ne ja, da shaidar haƙori a jiki.

"Ya khala, wa ya ba ki wannan?"

"Wata ajuza, tsohuwa daga mutanenku," ta ce. "Na ba ta nono ta sha, ta saka mini da wannan masifa. Yaya kuke cin abin nan?"

"Fen? Ina ta yi?"

Ta nuna kudu da haɓa.

A gindin itace na uku muka same ta. Ta rataya mayafinta a ƙaya ta ƙara inuwa, ta miƙe ƙafafu, tana jan carbi, leɓunanta sun tsattsage. Saje ya zube a gabanta yana kuka kamar yaro. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Sai yanzu? Ina allurar taka?"

"Iya, kin ɓata tun hantsi."

"Ni? Ina nan inda nake tun azahar ban motsa ba. Wanda yake yawo shi ne ɓatacce."

Na ba ta ruwa ta sha, na jiƙa mata kai. Na ce, "Iya, tashi. Nan ba Arfa ba ce."

"Kaji 'yar nan! Ga dutse can ina gani."

Na nuna mata ginshiƙan da aka gina a kan iyaka, suna can bayanmu. "Daga can ciki ne Arfa. Nan waje ne. In rana ta faɗi kina nan, tafiyarki ta tashi a banza."

Iya ta waiwaya ta dubi ginshiƙan. Ta yunƙura za ta tashi, ƙafafun suka ƙi. Saje ya juya mata baya ya durƙusa. Ta ce, "Wancan zai goya ni a gaban mutane?" Ya ce, "Kin goya ni shekara biyu, Iya." Ta hau.

Komawar ta fi zuwan wuya, don jama'a sun riga sun taru a bakin iyaka, raƙuma an ɗora musu kaya, kowa ya fuskanci Muzdalifa yana jiran faɗuwar rana, mu kaɗai muke son shiga. Saje ya nufi tsakiya zai kutsa da ƙarfi, na ja haraminsa. Akwai wani zurfafan kwazazzabo da ruwan sama ya haƙa, raƙuma ba sa binsa saboda duwatsu, ta nan masu itace suke shigar da kayansu. Muka gangara ciki, muka bi shi a sunkuye, ƙafafun raƙuma suna saman kawunanmu. Da muka hauro, ginshiƙin yana bayanmu. Rana ta yi ja tana taɓa kan duwatsu. Saje ya sauke Iya a gindin ginshiƙin ta ciki, ta ɗaga hannuwanta biyu, bakinta yana motsi, hawaye suna bin kumatunta. Sai aka buga igwa. Filin ya tashi da kabbara, taro ya ɓalle yana wucewa ta dama da hagu kamar ambaliya, mu uku muna manne da ginin nan har duhun magariba ya sauka sosai, hajjin Iya ya tabbata.

Inna ba ta tashi da wuri, sai taro ya rage, don haka muka same su inda muka bar su. Ta rungume ni tana zagina. Saje ya zauna gaban Baba ya ce, "Baba, yau na ga nabiget. Ni na san gabas da yamma, ita ta san mutane. Da Baturen nan yana nan, ita zai miƙa wa takarda." Baba ya yi murmushi ya ce, "Da ɗan gari akan ci gari, Saje. Kai ma a dajinka ita za ta bi ka." Sannan ya laluba kaina ya dafa.

Labarin ya zagaye unguwa kafin a sauko daga Mina. Da shekara ta zagayo, wakilin muɗawwif ya zo ƙofar gida yana tambayar yarinyar nan mai nemo tsofaffi, wai yana son in riƙa tafiya da matan alhazansa. Inna ta ƙi, Baba ya lallashe ta. Aikin da na yi ke nan har na yi aure, na haihu, na yi jikoki, har gwiwoyina suka ce sun gaji. Ban san adadin matan da na riƙe wa hannu ba. Yanzu kowane alhaji da abin hannunsa mai lamba, 'yan mata masu irin aikina suna da waya da taswira, tsofaffi ba sa kwana a ɓace kamar da. Wasu sa'o'ina suna cewa an lalata yara, ba su san komai da kansu ba. Ni ban ce haka ba. Na ga gawar waɗanda ba a samu da wuri ba, don haka duk abin da zai mayar da uwa wurin ɗanta ina sa masa albarka. Kuma na lura, in tsohuwa ta firgice ta manta sunan kowa, har yau sai an sami wata yarinya ta durƙusa ta dubi fuskarta ta yi tunanin inda ta fito.

Su Saje sun ƙara sati uku da mu bayan salla. Duk kwanakin nan, duk wanda ya zo yi wa Iya barka sai ta gyara zama ta ce ita ba ta ɓata ba, hutawa ta je yi, wancan ne ya ruɗe ya tara mata jama'a. Saje ya daina musu, sai dai ya ce, "Haka ne, Iya."

Ranar tafiyarsu muka raka su inda lorin Jidda yake lodi. An ɗora akwatin ƙarfe, an ɗora tulun zamzam, Saje yana can yana sallama da Baba. Iya ta yafito ni, ta ja ni bayan motar inda ba mai ganinmu. Ta kama kunnena ta jawo shi kusa da bakinta.

"'Yar nan, na ɓata," ta ce. "Tun da na fito na juya ban ga tutar nan ba na san na ɓata. Na zauna a gindin ƙayar nan ina cewa a nan zan mutu, ba wanda zai san kabarina. Da na hango ki tafe, na ɗauka mala'ika ne." Ta saki kunnen, ta share idonta da bakin mayafi, ta harare ni. "In kika gaya wa wancan, ban yafe ba."

Ban gaya masa ba. Aka ɗaga ta aka ɗora a kan kaya, direba ya buga ƙaho, lorin ya tashi. Har suka sha kwana muna jiyo muryarta daga sama, tana yi wa Saje faɗa wai ya taka mata zane.